Ma'aunin Mahaifina

Shibecha, 3 ga Satumba

'Yata Chizuru,

Ina gaishe ki da maigidanki da yara, da fatan kuna lafiya. Ki daina damuna da maganar likitan ido, ni ba makaho ba ne.

Jiya abokina Katsuji ya zo da wata na'ura mai auna gudun harsashi. Na harba goma daga cikin harsasan da na ɗura wa albarushi da hannuna, uku suka fita a raunane. Sai ya bushe da dariya, wai, “Tsoho, ma'aunin albarushinka ya tsufa kamar kai!” Ya ajiye min akwatin duwatsun gwada nauyi, ya ce in gwada ma'aunin. Na ce masa shekara arba'in ina cin naman barewa da ma'aunin mahaifina, ba ƙarfen jiya zai koya min aiki ba. Akwatin na nan bisa kanta, ban buɗe ba.

Mahaifinki,
Tsuneo

Shibecha, 9 ga Nuwamba

Chizuru,

Ina fatan sanyi bai taɓa yaran ba. Na gode da kika zo jana'izar Katsuji. Kin ji yadda ake faɗa: beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan da ke kashe shanun gari, ta taso mana, na harbe ta a kafaɗa, harsashin bai ratsa ba, ta kai masa kafin in sake ɗanawa. Kowa ya ɗora wa tsohon ma'auni laifi, har matarsa Sumie. Ni kuwa na yi shiru, kuma shirun ya yi min daɗi. Wannan ne abin da na fi jin kunyarsa.

Shekaranjiya na buɗe akwatin. Na kira maƙwabciyata ta duba min allurar ma'aunin yayin da nake ɗora duwatsun ɗaya ɗaya. Kowanne ya zauna daidai kan layi. Da na zuba albarushi na ce mata ya cika, sai ta ce, “Baba Tsuneo, ai allurar ba ta kai layin ba.”

Na miƙa wa 'yan sanda bindigata. Gobe ne addu'ar kwana arba'in da tara da rasuwar Katsuji, zan ƙona masa turare, sannan in faɗa wa Sumie gaskiya da bakina. Ina jin tsoro ƙwarai.

Ki nemo min likitan nan. Ki zo ki ɗauke ni, kada in tuƙa mota.

Mahaifinki mai kewarki,
Tsuneo