Tankokin Fetur a Bayan Murhuna

Zuwa ga mai girma shugaban ofishin da ke ba da izinin fitar da mai zuwa ƙasashen maƙwabta, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni mai tuyar masa ce a Zuba, kuma tsoro ne ya sa na rubuto maka.

Na farko. Tun kafin azumi aka jera tankokin fetur a filin bayan gidana, maƙare, za su Nijar. Direbobin sun ce suna kan hanya aka sauya kuɗin fito da ƙa'idar izini. Gaba ba dama, don takardarsu ta tsohon tsari ce. Baya ma ba dama, don inda suka yi lodi ba a karɓar man da ya fita. Ni ban san fito ba, ban san izini ba. Abin da na sani, tsakanin murhuna da tankin farko katanga ce kawai, ita ma ta laka.

Na biyu. In rana ta take, tankokin nan huci suke yi. Direbobi kan hau su sassauta murfi, warin ya cika mana ɗaki har jikata Ummi ta yi ta amai. Akwai ɗaya da ke ɗiga ta ƙasa. An tara masa bokiti, wai shi ke nan gyaran.

Na uku. Ran Juma'a ina cikin tuya iska ta ɗebi tartsatsi ta haura katangar da shi, ina kallo. Wallahi ko salati na kasa. Allah ya tsare, ya mutu a sama. Tun ranar ban sake hura wuta ba. Direbobin nan, bayin Allah, su ne masu sayen masata, yanzu su ke roƙona kada in kunna. To maƙwabta fa? Kowane gida da murhunsa, ba zan bi su in hana su girki ba.

Roƙona, a bar waɗanda dokar ta riska a hanya su wuce kan tsohon tsari. In ba zai yiwu ba, a kai su fili nesa da mutane, sai ku ƙarasa lissafinku a tsanake.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba iyalinka da irin fargabar da muke ciki. Ummi dai na tura ta Kuje wurin uwarta. Ni ina nan da tandata a kife, duk wanda ya ƙyasta ashana a unguwar sai gabana ya faɗi.

Wassalam.
Ladi mai masa, Zuba.