Sauran Duk Naki Ne

San Francisco, 9 ga Oktoba

Yaya Menuka,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara da hidimar bikin Dashain? Ni lafiya lau, ina zuwa aiki, ina cin abinci, kada ki damu.

Kin sha cewa mijina Dhiren ya raina garinmu, shi ya sa muka ƙi komowa. Yaya, ba raini ba ne. Yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ya hana ni faɗa. Likitoci sun ɗebi jininsa, suka gyara ƙwayoyin halittar ciki, suka mayar masa, da sharaɗin za su riƙa duba shi shekara goma sha biyar, don a ga ko gyaran zai jawo illa. In na yi mita sai ya yi dariya: "Haba Sabitri, sha biyar ce kawai tasu. Sauran duk naki ne, mu koma gida har ki gaji da ni."

Jiya takardar asibiti ta iso da sunansa, wai shekara ta sha huɗu ta zagayo, ya zo a ɗebi jini. Na kira na ce yau wata biyar da zuciyarsa ta tsaya. Ma'aikaciyar da ta ɗauki wayar ta roƙi takardun mutuwarsa, saboda sauran marasa lafiyar da aka yi wa irin gyaran. Gobe zan kai. Da shi ne, da tun jiya ya kai.

Don Allah kada Inna ta ji sunan cutar. Bayan biki zan kawo tokarsa gida, don an ƙona gawarsa bisa al'adarmu. Su likitocin sun samu shekara sha uku. Sauran da ya ce nawa ne, ko kwana ɗaya ban gani ba.

Ƙanwarki,
Sabitri