Turaku a Kan Gilashi

Ranar Litinin

Zuwa ga 'yata, Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin da ƙaramar take yi, ya lafa? Ni ma ina nan ƙalau, sai godiyar Allah.

Kwamfutar da kika aiko ta iso, kuma da ita nake rubuta wannan wasiƙa. Na gode, Allah ya yi miki albarka. Ba ta da nauyi, ba ta gurnani irin na tsohuwar, batirinta kuma yana kai ni yini. Na fara da yabo ne don kada ki ce mahaifinki ba ya ganin alheri, amma akwai magana a bayan yabon.

A tsohuwar, layin sama maɓallai goma sha biyu ne, huɗu-huɗu, da ɗan giɓi tsakanin kowane rukuni. Kowanne na ba shi aikinsa: wannan ya adana rubutu, wannan ya ƙara girman baƙaƙe, wancan ya sa na'urar ta karanta mini abin da na rubuta. A sabuwar an share layin gaba ɗaya, an shimfiɗa wani siririn gilashi, sumul kamar bayan cokali, wai alamomin suna fitowa a cikinsa sai mutum ya duba ya taɓa. Ni kuwa a ofishin safiyo, wurin masu awon filaye, na koyi buga tafireta, inda doka ita ce ido yana kan takarda, yatsu su nemi hanyarsu da kansu. Maɓalli na gaske yana da ladabi. Yana barin yatsa ya lalube shi, ya tabbatar, sannan ya danna. Wannan gilashi lalube da umarni duk ɗaya ne a wurinsa. Jiya garin neman abin ƙara baƙaƙe na ƙure sauti, har maƙwabciyata ta leƙo ta taga tana tambaya ko ɗaurin aure nake ban gayyace ta ba.

Saboda haka ina roƙon ki dawo mini da tsohuwar, wadda maigidanki ya tafi da ita ranar da ya kawo wannan.

Akwai magana ta biyu. Yayanki ya bugo waya, ya sake tayar da shawarar da kuka yanke bayan rasuwar mahaifiyarku, cewa ranar da idona ya gaza sai in rufe gidan nan in koma wurinki. Ki gaya masa ranar ba ta zo ba. Gidan nan ni na auna filinsa, ni na tsaya a kan magina, kuma ban ga dalilin da zai fitar da ni ba. Wasiƙar nan ma shaida ce. Ki bi ta layi-layi ki gani ko akwai harafin da ya kauce.

Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki

Ranar Juma'a

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kowa na gidan yana cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da tarin ƙaramar ya sauka.

Na ji bayaninki a waya, kuma tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Kin ce batirin tsohuwar ya kumbura har ya tsaga gindinta, maigidanki ya bar wa mai gyara ya cire abin da zai ciru. Ba na zarginsa, na san alheri ya nufa. Sai dai kafin a yanka dabba akan tambayi mai ita.

Na je shagon da ake sayar da irin waɗannan na'urori. Mai shagon ya yi mini dogon jawabi cewa gilashin nan ci gaba ne, yana sanin abin da mutum yake bukata kafin ya nema. Na ce masa ni ma na san abin da nake bukata, kuma na riga gilashin sani. Daga nan ya ɗauko wani allon maɓallai na dabam, mai waya, da manyan haruffa baƙaƙe a kan rawaya, ya ce na masu raunin gani ne. Na mayar masa. Idan yayanki ya shigo ya tarar da wannan a kan teburina, ai shari'a ta ƙare ba sai an kira shaidu ba.

Da na dawo gida sai na tuna sana'ata. Fili ma sumul yake kafin a kafa masa turakun iyaka. Na ɗauko tsohuwar rular tagulla, na auna gilashin daga kusurwa zuwa kusurwa, na gano inda kowace alama take tsayawa. Na buɗe gwangwanin ɗinkin mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, na zaɓi ƙananan duwatsun ado masu girma ɗaya, na manna su da gam a gefen sama na gilashin, kowanne a saitin alamarsa. Yanzu yatsa yakan sami dutse, ya sauko ƙasa kaɗan, ya taɓa. Na gwada na adana rubutu sau da yawa, bai saɓa ba.

Abokina Likitan Shanu ya zo shan shayi da la'asar kamar yadda ya saba, ya tarar da ni da rula a hannu da gam a gemu. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Safiyo, sabo turken wawa. Ka gama yanka wa mutane filaye, yanzu ka koma yanka wa yatsu fuloti." Na ce masa wanda ya ƙare rayuwarsa yana leƙa bakin bijimi ba shi ne zai koya mini awo ba. Gobe zai tafi wurin ɗansa ya kwana biyu, kunnena zai huta.

Ki kwantar da hankalinki, an shawo kan lamarin. A gaida kowa.

Mahaifinki

Ranar Talata

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya. Yau kai tsaye nake rubutu a cikin akwatin saƙo, ba sai na kwafo daga wani wuri ba, tunda turakuna sun zauna daram.

Ban yi niyyar rubuto miki da wuri haka ba. Tun safe nake kai da kawowa tsakanin ɗaki da tsakar gida, na dafa shayi na manta da shi har ya huce. Tun shekaranjiya, duk lokacin da na buɗe na'urar nan, sai in ga wani baƙin tabo a tsakiyar rubutu, kamar an zubar da tawada, kuma kullum yana ƙara faɗi. Likitan ido ya taɓa gaya mini cewa idan gani ya tashi tafiya, da irin wannan yake farawa. Ban gaya wa kowa ba. Ba na jin ya dace wannan sakin layi ya kai gare ki, wataƙila in goge shi idan hankalina ya kwanta. Bari in adana shi tukuna.

Ranar Laraba

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwa. Tun da na fara rubuta wasiƙa a duniya ban taɓa aika wadda ba ta da sallama ko sa hannu ba sai jiya.

Ga abin da ya faru. Na sa yatsa a kan dutsen da na kafa wa adanawa, na sauko, na taɓa, sai na ji ƙarar tafiyar saƙo. Ashe alamomin gilashin nan ba a wuri ɗaya suke zaune ba. Idan kana shafin rubutu ga jerinsu, idan ka shiga akwatin saƙo sai su tashi wasu su zauna. Inda adanawa take a can, aikawa ce a nan. Na yi shekaru ina rikici da masu tuge turke su matsar da shi cikin gonar maƙwabci, amma ban taɓa ganin inda turke yake tsaye ƙasa ta gudu daga ƙarƙashinsa ba.

Abin da kika karanta kuwa, ki ɗauke shi a matsayin zancen tsoho da gajiya ta kama. Na ji wayata tana ta ƙara, na san ke ce, ban ɗauka ba don ban shirya amsa ba. Saƙonki na murya na saurare shi. Kin ce ke da yayanki kuna tafe ranar Asabar. Babu bukata. Hanya ba ta da kyau, yara suna makaranta, shi kuma yana da aikinsa. Idan kun matsa sai kun zo, to ku sani baƙunci kuka zo, ba kwashe kaya ba.

Na so in ƙara bayani, amma zama ya gagare ni. Ki gaida maigidanki.

Mahaifinki

Ranar Alhamis

Zuwa ga 'yata, Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin tashi lafiya ke da iyalinki. Wannan wasiƙa na zauna na tsara ta a raina kafin in taɓa maɓalli ko ɗaya, kuma da niyya zan aika ta.

Likitan Shanu ya dawo jiya da yamma. Ya same ni zaune gaban na'urar na zuba mata ido. Bai ko zauna ba ya tambaye ni wa ya yi mini wannan ɓarna. Na ce wace ɓarna? Ya kama yatsana ya bi da shi a kan fuskar kwamfutar, sai na ji tsaga tun daga ƙasa har tsakiya. Kin san al'adata: idan na gama aiki nakan rufe na'ura, in lulluɓe ta da ƙyalle, in ɗora babban ƙamus a kai. Duwatsun da na manna su ne suka soki fuskar daga ciki. Baƙin tabon nan da ya hana ni sukuni, ruwan cikin gilashin ne yake malala.

Ya ce wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Na yi dariya, Auta, irin wadda na daɗe ban yi ba, har da hawaye. Na ce ashe tabon da nake gani tun ranar Lahadi ba idona ba ne. Shi kuwa bai taya ni ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya ce, "Safiyo, tsagar nan daga bakin ƙofa na hango ta. Kai kana zaune a gabanta tun ranar Lahadi."

Akwai kuma abin da ban gaya masa ba, ke zan gaya wa. Ranar da na fara ganin tabon na yi abin da kowane mai awo zai yi, na nemi tabbaci daga wani wuri. Na ɗaga kai na dubi farin bangon ɗaki. Tabon yana can ma. Bai kai na kwamfutar girma ba, amma yana can, kuma ya riga tsagar zuwa da daɗewa. Alamomin gilashin nan da nake ta kuka da su, ban taɓa ganin ko ɗaya sosai ba. Ko ranar awo, da tabarau na haɗa da madubin ƙara girma, ina kusan goga hanci. Wasiƙun da kike gani babu kuskure, yatsu ne suke rubutawa, kunne yake dubawa.

Bayan ya tafi na zaga gidan nan ina taɓa abubuwa. Makunnin fitilar zaure yana daidai kafaɗata. Ƙofar kicin sai an ɗaga ta kaɗan take rufuwa. Matakalar bayan gida ta biyu ta fi ta farko gajarta, laifin magini ne da na yi ta faɗa a kai. A nan hannuna ya san komai, shi ya sa na iya ɓoye muku. Abin da nake tsoro a gidanki ba rashin kulawa ba ne, na san za ki wuce gona da iri ma. Ina tsoron in zama mutumin da ake kama wa hannu a kai shi wurin kofinsa.

Duk da haka alkawari alkawari ne. Ku zo ranar Asabar, ku taho da mota mai ɗaukar kaya. Ki gaya wa yayanki da bakinki kafin ku iso, don ba na son in maimaita wannan bayani a gabansa, kuma ki roƙe shi kada ya ce ai ya faɗa. Gidan ba za a sayar ba, ba za a ba da haya ba, makulli zai zauna a hannun Likitan Shanu. Idan kin biyo ta shagon nan, ki karɓo mini allon maɓallan mai manyan haruffa. Ki danna layin sama da yatsanki ki tabbatar kowanne yana nutsewa yana dawowa. A kai kwamfutar a sauya mata fuska, duwatsun kuma a ciro su a hankali a mayar cikin gwangwanin mahaifiyarki.

Sharaɗina ɗaya ne, kuma ina so ki karanta wa maigidanki da yara da mai aikinki. Ɗakin da za ku ba ni, ku bar ni in jera kayana da hannuna. Bayan nan, abin da na ajiye a wuri a bar shi a wurin, ko da a ganinku bai yi kyau a nan ba. Idan shara ta sa an ɗaga, a mayar da shi inda aka same shi.

Allah ya kawo ku lafiya, ya yi muku albarka. Zan kasance a zaure tun hantsi.

Mahaifinki