Ni Ma Kakarsa Ce

Ulaisha, Riyad
Yuli, 2016

Zuwa ga ƙanwata Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Maiwada da yara duka. Yaya gwiwar taki? Yaya damina? An ce min ruwa ya sauka sosai a Malumfashi, Allah ya sa mai albarka ne.

Kin tambaya me ya sa ba na yi miki magana ta waya kamar kowa. Bangon gidan nan kamar kwali yake, kuma ɗanki yana jin duk abin da na faɗa, shi kaɗai ne mai jin Hausa a cikinsa. Shi ya sa nake rubutawa in ɗauki hoton takardar in turo miki. Ki yi haƙuri da hannuna, da furfurata kika ja ni ajin yaƙi da jahilci. Na ce ɗanki, don ko a takarda ba na iya rubuta sunansa. Ɗan fari ne, ko ya zama injiniya sau goma.

Matarsa Suraya ta sauka lafiya, namiji, amma sai da aka yi mata aiki. Uwarta, Hajiya Zaiton, wadda aka ce ba za ta samu biza daga Maleshiya ba, ta samu, ta ma riga ni isowa. Gajeriyar mace ce mai fara'a, ba ta zama wuri ɗaya. Ba ta jin Larabci, ba na jin yarensu, sai murmushi da sannu da hannu.

Ga abin da ya hana ni sukuni. A asibiti ɗanki ya ɗauko jaririn ya nufo ni, ya ce Inna ga shi. A gaban surukai, Hansai. Me zan yi? In miƙa hannu in rungume ɗan ɗan farina kamar wadda ba ta da uwa a gida? Na kau da kai, na nuna masa Hajiya Zaiton. Na ɗauka za a sake miƙo min, in ƙi, a matsa min, sannan in karɓa kamar yadda ake yi. Ba wanda ya sake miƙo shi. Har yau ɗin nan ban taɓa jikin yaron ba.

Sun sa masa sunan marigayi kakansa. Allah ya yi wa ɗanki albarka, amma su nan ba su san alkunya ba. Tun safe har yamma sunan da na yi zaman aure ban taɓa furtawa ba shi ake kira a falo, gatsal, har da waƙa. Duk kira sai gabana ya faɗi. Ni a raina Maigida nake ce masa.

Kayan jegon da muka sha wahalar haɗawa suna nan a akwati. Na dama kunun kanwa sau ɗaya, Suraya ta karɓa da hannu biyu, ta ce da ɗanki ya gaya min ita ma'aikaciyar jinya ce, kanwa ba ta da kyau ga zuciyar mai jego. Ni na shanye abina a kicin. Wankan ganye kuwa ba maganarsa, saboda ɗinkin. Su ma suna da nasu jegon. Uwar tana naɗe mata ciki da dogon ƙyalle, ta sa mata safa a wannan zafin, ta hana ta ruwan sanyi, komai da citta. Da na ga haka na ce ashe su ma suna tsoron sanyi kamar mu, amma ba bakin da zan faɗa mata.

Kowace safiya Hajiya Zaiton takan yi wa yaron wanka a wata shuɗiyar roba. Daga ɗakina ina jin ƙarar ruwan da kukansa. Ba ta gasa masa cibi, ba ta miƙe masa gaɓoɓi yadda ya kamata, na leƙa na gani. Ni ba abin da na roƙi Allah a tafiyar nan sai in wanke jikana da hannuna kafin bizar ziyarata ta ƙare.

Ɗanki yakan fita da sassafe wurin aikin jirgin ƙasan da suke haƙa wa hanya a cikin gari, ya dawo a gajiye. Ni kuwa sai taga. Ba akuya, ba mai talla, ba maƙwabciyar da za ta leƙo neman garwashi. Motoci ne kawai da farar rana, sai na'urar sanyi tana gurnani a kaina.

Ki gaishe min da kowa da kowa.

Yayarki,
Rakiya


Ulaisha, Riyad
Yuli, 2016

Ƙanwata Hansai,

Sallama da gaisuwa. Na ji saƙonki, na gode da addu'a. Ina fata zazzaɓin Munirat ya sauka. Kin ce in shiga kawai in ɗauki yaron, wa zai hana ni. Ke dama tun muna yara bakinki da hannunki a sake suke. Ni ba haka Innarmu ta gina ni ba.

Allah ya kawo min mai jin Hausa. Sunanta Khairiyya, 'yar Zariya ce, asibiti ɗaya suke aiki da Suraya, kuma a Maleshiya ta yi karatun jinya, tana jin yarensu kamar an haife ta can. Ta zo barka, ta same ni a ɗaki, ta durƙusa ta ce, “Inna, ke ce amaryar ko mai jegon? Kowa yana falo ke kina kulle.” Na ce ta tashi ta ba ni wuri, marar kunya. Rabon da in yi dariya har na manta.

Akwai wata magana da na riƙe a kaina. Wata rana da hantsi na fito ɗibar ruwa, na ji Suraya tana kuka wurin uwarta, tana maimaita abu ɗaya tana duban ƙofata: sekali pun tak. Na yi ta nanatawa a raina don kada ya ɓace. Da na tambayi Khairiyya sai ta fara gyaran mayafi tana duban ƙasa. Na ce ta faɗa min, ni ba yarinya ba ce. Ta ce ma'anarsa, ko sau ɗaya.

Sannan ta buɗe min komai, don Suraya ta riga ta kai mata kuka a waya. Wai ko sau ɗaya ban ɗauki yaron ba. Ko sau ɗaya ban kira sunansa ba, ban ma taɓa kiran sunan ubansa ba. Ranar da aka miƙo min shi na kau da kai a gaban kowa. Ita a ganinta ban yarda da auren ba ne, kuma ba na son jikan don uwarsa ba Bahaushiya ba ce. Ta tambayi mijinta, shi kuma maimakon ya zauna ya yi mata bayani sai ya ce, haka Inna take. Kin ji ɗanki. Hajiya Zaiton kuma ta ce a bar ni, kada a ɗora min abin da ba na so.

Hansai, na zauna bakin gado. Karar da na yi musu don in girmama uwarta, ita suka ɗauka ƙiyayya. Khairiyya ta ce a wurinsu kaka takan fizge jika ne tun daga hannun likita, ta sumbace shi a gaban kowa, wadda ta tsaya baya kuwa to da magana a ranta.

Ta ce bari ta je falo ta warware musu yanzu. Na hana. Idan wata ce ta roƙa min jikana, to ba ni na karɓe shi ba. Na ce ta koya min da bakinsu yadda zan ce ni ma ina cikin abin nan. Ta ce wannan ƙaramar kalmar, pun, da nake ji a bakinsu dare da rana, kamar “ma” take a wurinmu. Ka ajiye ta bayan mutum ka jawo shi ciki, ko ka ƙara wa magana nauyi da ita kamar yadda Suraya ta yi. Ta rubuta min a bayan kwalin shayi: Saya pun nenek dia. Wato ni ma kakarsa ce. Ta sa na maimaita har ta gaji, tana cewa, “Inna, ba tsawa za ki yi musu ba, sassauta.”

Ga kwalin nan a ƙarƙashin matashina. Ki taya ni addu'a.

Taki,
Rakiya


Ulaisha, Riyad
Agusta, 2016

Hansai,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ni lafiyar jiki ƙalau.

Ban iya ba. Na je har ƙofar banɗakin, na ga bayan Hajiya Zaiton da ƙafafun yaron suna harbin ruwa. Ta juyo ta yi min murmushi. Maganar ta zo min har maƙogwaro, sai na ji kamar Innarmu tana tsaye a bayana tana kallona. Na ce sannu, na wuce kicin kamar can dama na nufa.

Kuma na ƙara ɓata lamarin. Ɗanki ya tsaya bakin ƙofata ya ce bizata ta kusa cika, a sabunta ko in koma gida. Raina yana ihu a sabunta, bakina ya ce duk yadda ka gani. Ya ce to, ya ga alama zaman nan bai karɓe ni ba. Jiya ya ce ya kama min kujera a jirgin Kano na makon gobe.

Yaron ya fara bin haske da ido. Idan aka wuce da shi ta gabana ina ganin kunnuwansa, sak na marigayi. Ashe zan dawo gida mata su cika ɗakina suna tambaya yaya nauyin jika, in rasa abin faɗa.

Ki sa a share min ɗaki, a shanya katifa idan an samu rana.

Rakiya


Ulaisha, Riyad
Agusta, 2016

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata Hansai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Malam Maiwada, da Munirat da ƙannenta. Allah ya sa amfanin gona ya yi kyau.

Ranar Juma'a ce, ba aiki, ɗanki yana gida. Da na so sai ya fita, amma kwana ya ƙare min. Na ɗaura zane sosai, na ɗauko sabulun salo da man kaɗanya daga akwati, na nufi banɗakin. Hajiya Zaiton tana kan ƙaramar kujera ta tuɓe yaron, Suraya tana jingine da ƙofa, ɗanki kuma yana falo inda yake ganin komai. Na tsaya na faɗi maganar kwalin shayin. Muryata ta fito kamar ta tsohuwar tunkiya, ban ma san ko daidai na jera kalmomin ba. Ba wanda ya motsa. Sai na buga ƙirjina na sake faɗa, na miƙa hannuwana biyu, a gaban ɗan farina, Hansai.

Hajiya Zaiton ta dube ni, ta dubi 'yarta, ta saki wata doguwar magana da ban tsinci komai a ciki ba, tana yi tana dukan cinyata kamar mai faɗa. Daga baya aka ce min cewa take, tun yaushe bayanta ke ciwo ni ina zaune a ɗaki kamar baƙuwa. Ta tashi daga kujerar, ta danna ni a kai, ta ɗora min shi.

Yana da nauyi. Jikinsa ɗumi kamar gurasar da aka ciro yanzu. Ya buɗe ido ya ƙare min kallo, na ce, Maigida, sai yau ka ga damar zuwa ɗakina? Na taɓa ruwan na ji kamar na randa, na ƙara na zafi. Ta ƙara na sanyi. Na ƙara, ta ƙara, har robar ta cika ta zube mana a ƙafa, Suraya tana dariya tana riƙe ciki saboda ɗinki, hawaye na zuba. Na wanke shi, na gasa masa cibi da tsumma, na miƙe masa hannu da ƙafa, na shafe shi da man kaɗanya. Ya tsala kuka har ya gode wa Allah, sannan ya yi barci a cinyata. Ban ɗaga kai na dubi falo ba. Na dai ji an buɗe ƙofar waje an fita, tun lokacin masallaci bai yi ba.

Kada ki ɗauka komai ya canja. Da rana suka koma hirarsu, na koma tagata. Magana ɗaya na iya, kuma na riga na faɗe ta. Amma da la'asar Suraya ta shigo ɗakina da kanta, karo na farko, ta sumbaci hannuna, ta ajiye min yaron a gado ta fita.

Jiya Khairiyya ta zo ta yi mana tafinta. Hajiya Zaiton za ta koma idan jegon ya cika, mijinta ba lafiya. Suraya kuma hutunta zai ƙare ta koma asibiti. Suna tambaya ko zan zauna. Na san abin da zaman yake nufi: ni da jariri da bango huɗu tun safe har dare, ba ke, ba kowa, ga sanyin hunturu da aka ce yana shiga ƙashi. Khairiyya ta harare ni ta ce, “Inna, idan kika ce duk yadda suka gani, ni da kaina zan kai ki filin jirgi.” Na ce ta gaya musu zan zauna. An soke kujerar.

Don haka a mayar da katifar, a rufe ɗakin, ki riƙe makullin a wurinki. Abin da ya faru a banɗakin nan kuwa ya tsaya tsakanina da ke, kada in ji shi a bakin matan unguwa.

Abu ɗaya nake roƙo. Su nan a ƙirji suke rataya yaro cikin wata jaka mai igiyoyi, ni ba zan iya ba. Lokacin da muke haɗa kaya na so in sa majanyi, kunya ta hana ni, kada a buɗe akwati a gani. Ki nemo min saƙi mai ƙarfi, irin na da, ki ba duk ɗalibin da zai taho Riyad. Ki sa biyu, don yaron nan ba ya gargaɗi kafin ya yi fitsari.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Rakiya