Bayi Bakwai, Hula Uku

Inna Petroniya, ki taimake ni, na ɗebo ruwan dafa kaina.

Ni tsohon mai sayar da man zaitun ne a Ostiya, kusa da birnin Rum. Matata ta rasu, ba ni da ɗa, sai bayi bakwai da ciwon gwiwa. Duk wanda ya faranta min rai a cikinsu nakan ja shi gefe in ce masa ran da na mutu ya zama 'yantacce, zan sa shi a wasiyya. Haka na yi wa dukkansu, ɗaya bayan ɗaya. Burina mutum bakwai su raka gawata da hular 'yanci a ka, suna rusa kuka, maƙwabcina Rufus ya gani baƙin ciki ya kama shi.

Da na je rubuta wasiyyar, sai marubuci ya ce doka ta hana mai bayi bakwai 'yanta fiye da rabi a wasiyya. Na ce to rabin bakwai ai uku da rabi ne, wa zan tsaga? Ya ce uku, kuma da sunayensu. Mutumin nan bakinsa ba linzami, labari ya riga ni isa gida.

Inna, gidana ya zama abin tsoro! Dafnis mai girki yana narka min kitse da romon kifi safe da yamma, ban sani ba ko ƙaunata yake ko so yake in yi saurin mutuwa. Narkisu wanzami yakan tsayar da aska a maƙogwarona, ya tambaye ni cikin ladabi ko na yanke shawara. Mutum huɗu ke rige-rigen cuɗa min baya a gidan wanka, har sun saɓule min fata. Tsohuwa Kariti kuwa, wadda ta yi jinyar matata shekara uku, ba ta ce uffan ba, shararta kawai take yi. Shirunta ya fi askar ci min rai.

Rufus ya ba ni dabara: in rubuta sunayen a zagaye kamar zobe, ba na farko ba na ƙarshe, wai dole a saki kowa. In yi?

Dattijo mai rabin gemu, Ostiya.

Baba, kada ka kuskura! Alƙalai sun daɗe da sanin wannan zoben, kuma hukuncinsa ɗaya ne: ba wanda zai fita, har Kariti. Haba, mutumin da kake neman ƙunsa wa takaici shi ne mai ba ka shawara?

Niyyarka ba mummuna ba ce, kuma tsoron tsufa a gida kai kaɗai ba abin dariya ba ne. Amma ka duba nasu ɓangaren. Ka ɗaure 'yancin mutum bakwai a jikin mutuwarka, sannan kana mamakin ana leƙen maƙogwaronka.

Wannan iyaka ta wasiyya ce kawai. Mai rai yana iya kai bakwai ɗin gaban alƙali, a taɓa su da sandar 'yantawa, su fito da hulunansu. Ka dai bincika shekarunsu, don wanda bai kai talatin ba 'yancinsa ba ya cika sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ina zargin ka san da wannan hanya, kyautar da ba za ta rage ka da komai ba ce kake so ka yi.

Ka fara da Kariti, gobe da safe, kafin ta ɗauki tsintsiya. Wasu za su tafi, ka bar su. Waɗanda suka zauna su ne za su yi maka kukan gaske. Alloli su ja kwananka, ka sha aski ido rufe.