Ƙwayar Barcin Iya

Garki, Abuja.

Zuwa ga ƙanwata Talatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Iya sauƙi, amin. Yau wata goma sha tara ke nan rabona da gida, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa bugo mini waya don ya ji ko na ci abinci, sai dai a ce ƙwayar barcin Iya ta kusa ƙarewa. Ban ce kun yi laifi ba, na dai faɗa ne.

To, ki sani hanya ta toshe. Gwamnati ta matsa wa masu kemis, ba a ba da irin wannan magani sai da takardar likita. Madam Lucia, wadda nake saye a wurinta shekara uku, ta ce ko ubanta ne ya taso daga kabari ba za ta ba shi ba. Sai na yi dabara, na je asibiti na ce ni ne ba lafiya, riƙe da takardar da na rubuta ciwukan Iya yadda kika faɗa mini a waya. Ina karantawa ina nishi. Rashin barci, faɗuwar gaba, jiri, duk likitar tana rubutawa. Ban ankara ba na karanto mata cewa ciwon baya ya riƙe ni tun haihuwar autarmu Muhibba. Ta ajiye biro, ta tambaye ni a gida na haihu ko a asibiti.

Dole na faɗi gaskiya, ita kuma ta wanke ni tas. Ta ce maganin da aka rubuta wa Iya na sati biyu bayan rasuwar Baba, mu muka mai da shi na shekara uku. Na ji haushi, don gwamnatin da ta bari ana sayar da shi kamar gyaɗa ita ce yau ta tashi da wa'azi, amma matar nan ba ta yi ƙarya ba. Abin da ya tayar mini da hankali, ta ce idan aka yanke wa Iya shi rana ɗaya, tana iya faɗuwa tana jijjiga. Sai likita ya gan ta, ya riƙa rage mata kaɗan-kaɗan.

Don Allah ranar Litinin ki kai ta babban asibiti, ko da tana zaginki har ƙofa. Kuma ki gaya wa maƙwabciyarta Hansatu cewa abin nan ba goro ba ne. Na san Iya na ɓallo mata duk ranar da ta yi faɗa da mijinta.

Ki gaishe da Iya, da Kawu Sale, da autarmu Muhibba da na haifa. Ragowar da na ɓoye daga sayen baya zan ba direba a tashar Jabi gobe, ta isa ta riƙe Iya har likita ya gan ta. Ƙwaya goma sha ɗaya ce da rabi. Ɗaya rabin ni na sha, ranar da na dawo daga asibitin.

Yayanki,
Manniru