Farantin Kusurwa

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Tela maƙwabcina ke rubuta mini. In kin ga kuskure, nasa ne.

An sauya doka. Wai kamfanin lantarki ba zai ƙara sayen wuta a hannun ƙananan ƙungiyoyi irin ta unguwarmu ba, sai manya. Ƙungiya ta ce ba za ta iya ɗaukar nauyin gyara ba, za ta sayar da farantan solar da ke kan rufinmu. Na ce ba mai hawa. Ranar da aka ɗora su, marigayiya uwarki ce ta riƙe mini tsani.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Yaya gwiwa? Na ji har yanzu kana hawa wankin farantai kullum da sassafe. Don Allah ka bari. Doka ta riga ta fita, taurin kai ba zai mayar da ita ba. Ka dawo wurina, na gyara maka ɗaki, nan ba a ɗauke wuta.

'Yarka

*

Auta,

Na gode da ɗaki. Masu kwashe farantan sun zo. Na zauna a kan tsanin, ina faɗa musu wanda ya ɗauko kowane faranti, rayayyu da matattu. Suka saurara, bayin Allah, sannan suka aro tsanin maƙwabta.

Sun kwashe duka sai na kusurwa. Kin tuna shi? Wanda uwarki ta watsa wa ruwan sanyi da tsakar rana, gilashin ya tsage. Shekara da shekaru ina tsokanarta, tana cewa, "To, malamin wanki!" Mai saye ya duba tsagar, ya ce ba ya so.

Yana kunna ƙwan lantarki ɗaya a ƙofar gida. Tela ya koma keken ɗinki na ƙafa, yana ta mita, amma da magariba nan yake jawo shi. Mata ma nan suke shimfiɗa tabarma.

In na taho, wa zai wanke shi? Tela ya ce in ce miki ina kuka. Ƙarya yake yi.

Babanki

*

Baba,

Na gaishe ka, a gaida Tela. Kada ka hau kafin Asabar. Ina tafe da jakata.

Ni zan riƙe tsanin.

Autarka